Kwandon Mai Hoto

Ga ta nan, ga ta nan ku. Kun ce ta zo? To, ku gyara zama.

"Wa ya zubar mini da kwando?"

Tela tana kan keken ɗinki ta jiyo ihun ta cikin bango. Shekara goma sha tara shagonta na jingine da na Mai Hoto, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ta bar hannun riga a ƙarƙashin allura ta fita, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

Ta tarar da tsohon a tsaye dafe da tebur, ƙafafu a kumbure, mutumin da shekaranjiya asibiti suka sallamo suka ce ya kwanta kawai. Ɗansa, wanda ake ce wa Injiniya, yana gaban kwamfuta yana rantse-rantse.

"Baba, wallahi ba hoton da ya ɓata. Duk suna nan."

Bari in warware muku. Manhajar da tsohon ke gyaran hoto da ita wa'adinta zai ƙare ranar Alhamis, shi ne Injiniya ya zo kwashe kayan zuwa sabuwa. A cikin tsohuwar akwai wurin tara hotuna na ɗan lokaci: ka danna maɓalli ɗaya hoto ya faɗa ciki, ka gama aikinka ka zubar. Mai Hoto kwando yake ce masa. Injiniya ya gan shi cike, ya share don ya sami wurin tara nasa. Bai san duk ranar da aka yi rasuwa a layin, uban sai ya nemo hoton mamacin ya danna ba. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu. Yanzu sun watse cikin hotuna dubu arba'in da ba su da suna, sai lamba.

"Wurin wucin gadi ne fa, Baba. Me ya hana ka ajiye su a na dindindin?"

"Kai na dindindin ne?"

Injiniya ya ce, "Likita dai ya ce ka kwanta."

"Likita ya san kwana nawa suka rage mini? Bai sani ba. Wannan manhajar kuwa ta ce uku. Ita zan bi." Ya juya. "Tela, hannuna rawa yake. Ara mini yatsanki."

"Malam, ina da ɗinkin mutane."

"Masu rai ne, za su jira."

Haka ta ja kujera. Ita tana wuce hotuna, shi yana kishingiɗe a tasa kujerar da matashin kai biyu a bayansa, bargo a gwiwa, yana kallon allo.

"Tsaya. Mai gyaran rediyo ke nan, wanda ya ce in rage masa kunne. Danna."

Ta danna.

"Ungozoma. Ita ta karɓi haihuwar wannan da ya zubar da ita. Danna."

Injiniya, yana tsaye da kofin magani, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Labari ya zaga layi. Mata da maza suka riƙa leƙowa, wannan ya ce a nemo masa uwarsa, waccan ta ce ƙaninta yana sanye da rigar ƙwallo. Duk wanda ya ce wa tsohon ya huta, sai ya nuna masa ƙofa da haɓa. Numfashinsa kuwa kullum ƙara gajarta yake.

Ranar Laraba da yamma hotuna suka ƙare. Ɗari biyu da sha ɗaya.

"Wataƙila ka yi kuskuren ƙirga, Baba."

"Ban yi ba." Bai ko dubi ɗan ba. "Tela, sau biyu kina wuce shi."

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ta sani sarai. Mijinta ne, Direba, jingine da babbar motarsa yana dariya. Shekara tara ke nan da motar ta faɗa kogi. An fito da mota, ba a fito da shi ba. Har yau takalmansa suna bakin ƙofar ɗakinta.

"Wanda ban ga gawarsa ba, ba zan sa shi cikin matattu ba."

"Ni na sa shi tun shekara tara. Ban dai gaya miki ba."

"To, Allah ya fitar da shi daga kwandon, kuma ba da yatsana zai koma ba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Taurin kai! Ai shi ya sa na kira ki. Ba zan danna miki ba, 'yar nan. Kwando yana hannunki."

Washegari da hantsi, a kan kujerar nan, bargo a gwiwa, ya cika. Ya ƙi gado har ƙarshe.

Da aka dawo daga kai shi, Tela ta sami Injiniya a shago, idanu jawur.

"Anti, yau manhajar za ta rufe. In kwashe su a haka? Na duba ko'ina, Baba ba shi da hoton kansa ko ɗaya da zan saka."

Ta zauna. Ta nemo hoton Direba, ta yi masa kallon da ta shekara tara tana gudu. Can ta matso da fuskarta kusa da allo.

"Ƙara girman nan. Gilashin motar."

A cikin gilashin, ga wani mutum a durƙushe, kyamara ta rufe masa rabin fuska, hularsa a karkace.

Ta daɗe yatsanta na kan maɓallin.

"Ka zama shaida," ta ce, "ba nawa na saka ba. Malam na saka."

Ta danna. Ɗari biyu da sha biyu.

Injiniya ya kwashe kwandon zuwa sabuwar manhaja kafin rana ta faɗi, ya bar shagon a buɗe, duk mai son ganin nasa ya shigo. Tela ta koma kan keke, ta ƙarasa hannun rigar da ta bari. Takalman Direba suna nan bakin ƙofa, kowace safiya tana kaɗe musu ƙura.