Naƙudar Aro

Shekara tara da aurena da Saleh ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha sassaƙe, na sha allurai, na zaga asibitocin Abuja har masu gadi suka san motata. Ana haka ƙanwata Lantana ta yaye 'yarta ta fari, Rumaisa, ta ɗauko ta daga Giwa ta miƙo mini riƙo. Ba ta yi wani dogon bayani ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, ga ta nan."

Riƙo ba abin ɓoyo ba ne, a garinmu gidan wa ne babu ɗan riƙo? Ni ce na mai da shi abin ɓoyo. A shekarar aka ƙara mana albashi a ma'aikata, muka sayi gida a Lugbe, unguwa sabuwa fil, ba wanda ya san asalin wani. Ranar da muka tare, maƙwabciyata Madam Lydia, tsohuwar ungozomar asibiti, ta kalli yarinyar ta ce da Hausarta ta 'yan Abuja, "Wannan kam kai ka haifa, ga hanci nan." Na yi murmushi na ce ni ce. Daga nan ƙarya ta yi ta neman ƙari. A ina na haihu? Zariya. Ya ta zo? Da sauƙi, alhamdulillahi.

Wata rana Saleh ya jiyo ni ta taga. Ya ce, "Nafeesa, me ya kai ki?" Na ce, "Kai namiji ne, in ka shiga ofis ba mai kallon cikinka." Kwana uku muka yi ba ma magana. Tun daga lokacin, in mata suka kira ni Maman Rumaisa sai ya sunkuya yana latsa waya.

Rumaisa na da shekara shida Lantana ta iso wata Asabar, ko waya ba ta yi ba. Abu ɗaya nake tsoro: ta ji abin da na gaya wa unguwa, ta ce a ba ta 'yarta. Amma Lantana 'yar gargajiya ce, tana kunyar 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta, sai dai ta ce "'yar gidan nan." Allah ya yafe mini, daɗin wannan kunyar na ji. Na ce wa yarinyar ta gaida Anti, ta gaishe ta.

Saleh ya tare ni a kicin. "Ki gaya mata da bakinki kafin ta ji a bakin wani." Na ce gobe. Litinin za ta koma, lissafina ke nan.

Lahadi da la'asar muna baranda, ina yi wa Rumaisa tsifa, Lantana na kan tabarma tana tsintar wake. Sai ga Madam Lydia ta jawo Ameera, amaryar gidan da ke kallon namu, cikinta na fari ya shiga wata tara, idanunta sun yi ja don kuka.

Lydia ta ce, "Maman Rumaisa, wannan yarinya tsoro zai kashe shi. Faɗa masa yadda naka ya zo."

Na ce, "Ai ba wuya, Ameera, addu'a ce kawai."

"A'a, faɗa masa daga farko. Ruwa ne ya fara fashewa, ko ciwon baya?"

Ban sani ba. Wallahi ban san wanne ke riga wani ba. Na ji waken ya daina zuba a faranti. Ban iya juyawa na kalli ƙanwata ba, sai na ƙura wa kan Rumaisa ido. Lydia ta karkata kai tana dubana, irin duban wadda ta karɓi haihuwa shekara talatin.

Lantana ta ce, "Yaya ta manta ne, wahala ce ta sa. Ni ina wurin."

Ta ba su labarin tiryan-tiryan, idonta na kan wake. Ranar Laraba ce, tana shara bayanta ya riƙe. Kwana biyu tana durƙushe, ta ciji zani har ya yage. Yarinyar ta fito cibiya naɗe a wuya, ba ta yi kuka ba sai da aka jijjiga ta. "Da aka ɗora mata ita a ƙirji, sai ta roƙi ungozoma ta rufe ƙofa. Ta ce tana so ta kalle ta sosai kafin mutane su shigo."

Lydia ta dafa gwiwata. "Shi ne kake cewa da sauƙi? Kai jarumi ne." Ameera ta kama hannuna ta matse, wai na ba ta ƙarfin gwiwa. Rumaisa kuwa ta waiwayo ta ce, "Mami, da gaske ni na sa ki wahala haka?"

A gaban uwarta na ce, "Da gaske." Ban taɓa raina kaina irin na ranar ba.

Washegari na kai Lantana tashar Jabi. Sai da na tsaya na ce, "Lantana, ki yafe mini. In kin ce za ki tafi da ita, ba ni da bakin magana."

Ta gyara mayafi. "Haba Yaya, 'ya ai taki ce, da zuciya ɗaya na ba ki. Ban zo karɓa ba." Ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya, sannan ta tsaya. "Kwana biyun naƙudar nan ne kawai na ajiye wa kaina. Na ce in ta girma ta yi aure, zan zaunar da ita in ba ta labari. To, ta riga ta ji."

Ta ɗauki jakarta, ta ce in gaida 'yar gida.