Ina Dattijo Ya Kai Ƙofar?

Ƙasimu mai gidan kallo ya gaji da ƙwallo. Shi fim ya tashi ya sani, na Indiya da na Canis, amma yanzu rumfarsa ta Gyadi-Gyadi ba ta cika sai in ƙarti za su bi tamola a guje. Shi ya sa da Matthias, wani nas a asibitin koyarwa, ya ce ƙungiyarsu ta masu son finafinan duniya tana neman wurin zama duk Asabar, Ƙasimu har bencina ya wanke.

"In wurin ya yi mana mun zauna ke nan," in ji Matthias. "In bai yi ba, akwai wani a Tarauni."

"Oga Nas, ai gidan fim ka zo."

Asabar bayan la'asar suka iso, ɗalibai da ma'aikatan asibiti, suka cika gaba. Rabi'u mai Adaidaita da abokan aikinsa suka raɓe a baya, tunda kyauta ne.

Fim ɗin tsoho ne, fari da baƙi, daga wata ƙasa mai duwatsu. Wani dattijo ya saɓa ƙofar katako a baya yana hawa tudu. Ya yi ta hawa. Ba waƙa, ba jarumi, ko mari ba a yi wa kowa ba.

Kunya ta kama Ƙasimu. A gidansa ba a barin baƙo ya zauna yana kallon tafiya, duk inda fim ya yi sanyi turawa ake yi a kai wurin faɗa. Ya ɗauki rimot ya danna. Dattijo ya zuba a guje kamar an biyo shi.

"Malam, me ka yi haka?" Khalid, wani ɗalibin likita, ya miƙe tsaye. "Tafiyar ita ce fim ɗin!"

"Zauna, likita. Yanzu zan nemo maka Bos."

Ya tura, ya tura, sai ga sunaye suna hawa. Babu Bos. Dattijo na zaune a bakin rafi, ba ƙofa.

Matthias ya zare filashinsa da ya kawo fim ɗin a ciki, ya yi godiya irin wadda ba ta kai ciki ba. Tun daga ranar, a Tarauni suke zama.

Kashegari Rabi'u ya faka kekensa a bakin rumfa.

"Ƙasimu, kai mugu ne. Ina tsohon nan ya kai ƙofar? Jiya har fasinja na wuce da shi ina tunani."

"Ni na sani? Ka bi su Tarauni."

"An turo min fim ɗin a waya. Kunna."

Direbobi suka zauna a gaba, inda likitoci suka tashi. Dattijo ya soma hawa tudu. Can Ƙasimu ya miƙa hannu wajen rimot, Rabi'u ya buge hannun.

"Bar bawan Allah ya yi tafiyarsa. Kai ka ɗaukar masa ƙofar?"