Kwalin Malam Abdulkabir

Wata takwas kacal da fara aikina aka ba ni shugabancin ɗakin karatun garinmu, can gaba da Bagwai, don ni kaɗai ce mai digiri. Malam Abdulkabir kuwa, wanda ya shekara ashirin da shida yana kakkaɓe kantocin nan, ya zama mataimakina. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

A jami'a an koya mana cewa littafin da ya daɗe ba a ara ba, a fid da shi. Ranar da Malam ya tafi suna Shanono na zage damtse. A ƙarƙashin teburinsa na tarar da kwali cike da littattafan rubutu irin na 'yan firamare, ba lamba, ba kati, duk an cike su da ajami. Ni kuwa ajami sai dai in kalla. Na ce tarkace ne, na haɗa da tsofaffin jaridu na miƙa wa Inna Hure mai ƙosai a bakin ƙofa. Har ina jin na yi abin kai.

Ranar Litinin da hantsi, manoma uku na zaune suna jiran Malam ya duba musu wani abu, shi kuma yana ta leƙen ƙarƙashin tebur. Sai ga Inna Hure da kwalin a ka. Ta dire shi a gabana.

“Khaulat, ke da karatunki? Kowane shafi da bisimilla a sama. Ni ba na naɗe ƙosai da sunan Allah. Idona ne ba ya gani sosai, sai da na ƙarar da guda ɗaya na lura. Allah ya yafe mana.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗaya daga cikin manoman ya dube ni ya ce, “'Yata, a nan Malam yake rubuta ranar saukar ruwan fari kowace shekara, da iyakokin gonaki kamar yadda dattawa suka faɗa masa. Rigimar iyaka ce ta kawo mu.”

Malam ya durƙusa yana ƙirga littattafan. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. “Na shekarar farko ne babu,” in ji shi a hankali. “Waɗanda suka faɗa mini abin da ke cikinsa duk sun rasu.”

Da zagina ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya rungumi kwalin, ya miƙe a gaban mutane, ya ɗan rusuna mini, ni da a haife ya haife ni.

“Shugaba, a ina kika yarda in ajiye su?”