Hoton Dammunan Garin Barmo

Jika ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya murza idon akwatin hoto a hankali har dammunan suka fito tar, kai a ƙasa, gindi a sama, yadda komai ke fitowa a wannan sana'a. A cikin kwarin da ke bayan tudun yashi an jera dammunan gero tsibi bayan tsibi, kowane ya fi mutum tsawo, rana kuma ta fara leƙowa ta bayan wata tsohuwar aduwa tana zuba musu ja. Ya zura kuben katako mai ɗauke da gilashinsa na ƙarshe, ya ja murfin kuben, ya buɗe idon akwatin, ya yi salati guda a zuci, ya rufe. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa ganin haske irin wannan ba.

"Kai ɗan nan, wa ya nuna maka hanyar nan?"

Ya fito da kansa. Hajjo ce, yayar Maigari Barmo, tsohuwar da ta dama masa fura jiya da ya sauka a garin. Tana tsaye da ƙunshin itace a ka, ba ta kallonsa, akwatin mai ƙafa uku take kallo.

"Ina kwana, Inna. Ba wanda ya nuna mini. Tudu na hau neman haske."

"Me abin nan ya yi?"

"Ya ɗauki hoton geron. Inna, kin ga kyau kuwa?"

"Ya ɗauka," in ji ta. "Wa za ka kai wa?"

"Turawa. A kan kati za a buga, har ƙasarsu sai an gani."

Ta juya ta nufi gari da sauri irin wanda bai dace da shekarunta ba. Wani mai hankali da tuni ya gane akwai magana, amma mai hoto idan ya sami haske, hankalinsa kiwo yake tafiya. Jika ya zare kuben, ya sa a jakar fatar da ke rataye a kafaɗarsa, don sai cikin duhu ake fitar da gilashi a haɗa shi da sauran. Ya saɓa akwatinsa yana 'yar waƙa, ƙarangiya na damƙe masa wando.

Mutumin Damagaram ne. A Kano ya koyi hoto wajen wani Bayarabe, ya dawo gida ya shiga aiki ƙarƙashin wani Bature ɗan kasuwa mai buga hotuna a kan kati. Shekara da shekaru shi ke ɗauka, sunan Bature ke fita. Sai a kakar 1926 Baturen ya tura shi Damargu shi kaɗai, da alkawarin cewa in ya kawo abin kirki, wannan karon sunan Jika za a rubuta a ƙasan kati. Tun ɗaukewar ruwa yake yawo. Ya ɗauki kasuwar Tanut da hantsi, ya ɗauki shanun Fulani a bakin tafkin Tenhiya, ya ɗauki ayarin raƙuma a kan tudu sun yi layi kamar an zana su. Duk suna kwance cikin ƙaramin akwatin gilasai, a rufe gam, suna jiran ɗakin duhu da maganin wanki a Damagaram. Sharaɗin tafiyar ɗaya ne: kowane hoto sai kumandan, Baturen mulki, ya gani kafin a buga. Shi ya ma haɗa shi da gardi, wato dogarin gwamnati, wani Buzu mai suna Rissa, ya yi masa rakiya.

Da hantsi ya ajiye kayansa a zauren Maigari, suka ja raƙuma shi da Rissa zuwa kasuwar Tarka sayen guzurin komawa.

"Mutanen garin nan sun iya kuka," in ji Rissa a hanya, yana gyara amawalinsa. "Ka ji Maigari jiya? Wai tsuntsu ya cinye gero, rumbuna wayam."

"To, ba gaskiya ba ne?"

"Ni ina ruwana. Abin da ido ya gani nake faɗa, ban ga komai ba. Amma kumandan na neman geron da za a kai wa soja a arewa, kuma bai yarda da zancen tsuntsun nan ba. Garin da aka kama sun ɓoye, ba rabi ake ɗiba ba, kwashewa ake yi tas. Ko iri ba a bari."

Sai yanzu Jika ya tuna saurin Hajjo, ya tuna cewa ba wanda ke jera gero a kwari nesa da gari don sha'awa. Ya dafe jakar da ke gefensa. Aduwar nan da tudun nan duk gardin da ya san ƙasar zai gane su, kuma Rissa ya san inda suka kwana.

Amma kafin su kai kasuwa ya lallashi kansa. Ai yana da akwati cike da hotuna masu kyau, su kaɗai sun isa a sa sunansa a kati. Wannan ɗin zai wanke shi a ɓoye, ya adana abinsa, in an shekara gero ya shiga ciki sai ya fito da shi. Ba wanda zai cutu, shi ma bai yi asara ba. Har ya ji daɗin wayonsa, ya sayi dabino ya ba Rissa.

Bayan azahar suka dawo. Rissa ya tsaya rijiya shayar da raƙuma, Jika ya wuce gidan Maigari. Ya yi sallama a zaure, bai ga kowa ba, bai kuma ga akwatin gilasai inda ya bar shi ba. Daga tsakar gida yake jin muryoyin maza.

An shimfiɗa tabarma a tsakiyar rana. A kanta an jera gilasan duka, a tsanake, yadda mata ke shanya kuɓewa. Dattawan gari sun kewaye su a tsugune. Liman ya ɗaga ɗaya sama yana leƙen rana ta cikinsa da ido ɗaya. Hajjo na goge wani da gefen zanenta.

Jika ya matso bakin tabarmar, yana ƙirga gilasan da ido.

Maigari Barmo ya miƙe, dogon tsoho mai furfura, kunya ta cika masa fuska. "Malam Jika, ka yafe mana. Taɓa kayan baƙo ba halinmu ba ne, Allah ya sani. Na geron kawai muke nema mu roƙe ka ka bar mana shi. To, mun duba ɗaya bayan ɗaya, ba gero, ba raƙumi, ba mutum. Farare ne fes. Kuma ka duba da kanka, ko ɗaya ba mu fasa ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Jika. Ya zauna a ƙasa. "Kun kashe ni. Wallahi kun kashe ni."

"Subhanallahi! Mu da muka wanke hannu kafin mu taɓa?"

"Ba a buɗe su a rana, Baba!" Muryarsa ta tashi har kaji suka watse. "Hoton yana ciki, ido ba ya ganinsa sai an wanke da magani cikin duhu. Haske kaɗan ya taɓa shi, ya mutu. Tun daga Tanut nake tara su, ranar da ban sha ba ce kaɗai ba ta fito ba. Ku kuma kun shanya mini su kamar kayan miya!"

Liman ya ajiye na hannunsa a hankali, ya goge yatsunsa a riga. Can Maigari ya matso, ya rage murya.

"Duka sun mutu?"

"Duka."

"Har na geron?"

Jika ya ji nauyin jakar a haƙarƙarinsa. Ya dubi tsohon, ya ga ba asararsa ce ta dame shi ba, sai fushi ya turnuƙe shi.

"Har shi," ya ce.

"Alhamdulillahi," in ji Maigari, kafin ya kama bakinsa. Ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, ɗana. Ba da kai nake ba."

Jika ya tashi ya shige bukkar da aka sauke shi, ya ja asabari. Ya fito da kuben ya ɗora a cinya. Yanzu duk abin da ya rage masa a duniya ke nan. In ya koma hannu wofi, Bature ba zai tsaya jin labarin tabarma ba, zai karɓe akwatin hoto ya nuna masa ƙofa, kuma a Damagaram ba wani mai akwatin da zai ɗauke shi. In kuwa ya kai wannan guda ɗaya, ya san abin da ke ciki. Hoton da za a rataye a bango ne, a tambayi wanda ya ɗauka. Dabarar jira shekara ta rushe, don ba sauran abin da zai nuna a madadinsa. Ya ce wa kansa su suka jawo. Wa ya aike su? Ya faɗa ya sake faɗa, yana so zuciyarsa ta yarda.

Aka ɗaga asabari ba sallama. Hajjo ce da ƙwarya.

"Tashi ka sha. Ihu ba ya cika ciki."

"Na ƙoshi, Inna."

"Ka ƙoshi da me, da baƙin rai?" Ta ajiye ƙwaryar, ta zauna a bakin ƙofa tana miƙe ƙafa. "Ni na sa su buɗe. In za ka zagi wani, ga ni. Ban gane zancen hasken nan naka ba, ni dai na duba ban ga komai ba. Kai kana ina shekarar yunwar Kakalaba?"

"Ina yaro, a birni."

"A birni." Ta yi ɗan tsaki. "Mu muna nan. Yunwar nan ta same mu rumbu ba komai, don an auna an kai bariki tun da kaka. Na tona gidan tururuwa ina neman ƙwaya. Na dafa ƙarangiyar nan da kake cirewa a wando kana tsaki. 'Ya'yana huɗu, Barmo ne ya haƙa musu da hannunsa, don ba mai ƙarfin taya shi. Tun daga ranar duk gero ya yi kyau sai mun binne rabi. Gobe za a fara haƙa ramuka. Da ka zo jibi da yashi kawai za ka ɗauka."

Ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa. "Sha furarka. Da nono na dama, ba da ruwa ba."

Bai sha ba. Ya zauna da kuben a cinya har inuwa ta juya. Tausayinta ya ji, ya kuma ji haushinta, ya ji haushin tudun da ya hau da ƙafarsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ko shi kansa bai ga hoton ba.

Da la'asar Rissa ya kawo raƙuma ƙofar gida, ya ce gara su kama hanya da sanyin yamma. An mayar da gilasan cikin akwati, an ɗaure shi da sabuwar igiya. Maigari ya sa an kawo rago wai a ɗora a kaya, Jika ya ce a mayar.

"Ɗana," in ji Maigari a gefe, "in Bature ya tambaya, ka ce ni na buɗe. In ɗauri ne, a ɗaure ni."

"Zan ce raƙumi ya yar da akwati, murfi ya buɗe."

Rissa ya durƙusar da raƙumi yana ɗaure kaya, ya ba su baya. Jika ya sa ƙafa zai hau, ya tsaya. Rana ta yi ƙasa, hasken ya sake yin ja irin na safe, ya kwanta a kan dannin gidaje da rumbunan da aka ce ba komai a cikinsu. Ya sauke ƙafarsa, ya koma wajen Hajjo da ke tsaye a bakin zaure, ya ciro kuben daga jaka.

"Inna, akwai ɗaya da ba ku duba ba."

Maigari ya dubi kuben, ya dubi Jika.

"Ta ina ake buɗewa?" in ji Hajjo.

"Kama nan. Ja sama."

Ta ja. Murfin ya zame, gilashin ya fito fili, rana ta faɗa masa. Ta kai shi kusa da ido, ta nesanta, ta juya shi gefe, ta duba da kyau yadda ake duba shinkafa kafin a saya.

"Wannan ma babu komai," ta ce. Ta miƙa masa abinsa tana girgiza kai. "Ɗan nan, anya ka iya aikin nan kuwa?"

Jika ya karɓa, ya mayar da murfin, ya sa a jaka.

"Ban iya ba, Inna," ya ce, ya tafi ya hau raƙuminsa.