Sati Shida na Ƙamshi

Duk layinsu a Zawaciki an san Mas'uda da haɗa turaren wuta, ita ma kuma ta san an san ta, don ba ta cikin masu ɓoye baiwarsu. Idan ta ɗora tukunya tana soya icen sandal da sukari da madarar turare, har matan bayan layi sai sun leƙo gaisuwar da ba su yi niyya ba. Amma ba ta ɗura komai a kwalba sai mijinta Usaini ya dawo daga kamfanin takalman roba da yake aiki a Challawa. Ta zuba kaɗan a kasko, ya lumshe ido ya ja numfashi, ya ce, "Sukari ya yi yawa," ko kuwa, "Wannan kar ki sayar, namu ne." Mutum ne da yake wuni cikin ƙaurin narkakkiyar roba, amma hancinsa bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Sai ciwo ya zo. Usaini ya daina barci, ya fara jin ana yi masa magana daga cikin injin kamfanin, har wata rana ya kashe wutar sashensu gaba ɗaya wai ana kiran sunansa. Wata biyu ya yi a asibitin ƙwaƙwalwa. Shugaban sashensu, Filibus, wani dattijo ɗan Kafanchan, shi ya yi ta zarya ofis har aka mayar da shi bakin aiki, amma da sharaɗi a rubuce cewa in ya sake, shi ke nan. Filibus ɗin da kansa ya zo har ƙofar gida ya ce mata, "Maman Saudat, maganin nan shi ne aikinsa. Don Allah ki sa ido."

Ta kuwa sa ido. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a gabanta. Usaini ya dawo hayyacinsa sarai, sai dai hancinsa ya toshe kamar an cusa masa auduga. Ba mura, ba atishawa, toshewa ce kawai da ba ruwanta da rani ko damina. Da baki yake numfashi, leɓensa kullum a bushe. Suka gwada man zafi, suka gwada surace da ganyen darbejiya, a banza. Mai kemis ɗin unguwa ne ya duba kwalin ya ce ai daga maganin ne, wasu haka yake yi musu. In ranar ganin likita ta zo kuwa, Usaini sai ya ce lafiya lau. Shi a ganinsa rashin godiya ne ya kai ƙarar hanci wurin waɗanda suka dawo masa da hankalinsa.

A faɗi gaskiya Mas'uda ta yi haƙuri, ta yi fiye da shekara. Sai dai mace ce da bakinta ya fi ta sauri. Wata Juma'a ta haɗa sabon turare, ta turara ɗaki, ta turara kayan jikinta, Usaini ya shigo ya zauna baki buɗe yana cire safa, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Baban Saudat, ba ka ji komai ba?"

"Me aka yi?"

"Ba komai. Ni dai na koma yi wa bango turare. Maganin nan ya dawo min da miji, amma rabinsa ya dawo min da shi."

Ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da cire safarsa. Ita kafin magariba ma ta manta da maganar.

Bayan kamar kwana goma ya dawo daga aiki, ya yi turus a bakin ƙofa, ya ce, "Wannan kin ƙara masa miski, ko?" Mas'uda ta saki ludayin hannunta. Daɗin da ta ji ran nan, ko ranar da aka kawo ta gidan ba ta ji irinsa ba.

Washegari tana tattara wanki ta ji abu a aljihun rigar aikinsa. Ƙwayoyin ne, ɗaure a 'yar leda, sun kai ashirin. Ta daɗe a tsaye riƙe da su. Ba rashin sani ba ne: lambar Filibus na cikin wayarta, katin asibiti na cikin durowa, shi kansa Usaini kalma ɗaya za ta yi masa ya koma sha. Sai ta shiga lallashin kanta. Ai ya warke, dubi yadda yake dariya. Bari dai a wuce ƙarshen wata. Ta mayar da ledar inda ta same ta, ta rataye rigar ba tare da ta wanke ba.

Sati shida suka samu. Yana cin tuwo yana santi, yana tsokanarta cewa daddawarta ta tashi maƙwabta, yana ɗaukar mata kwalaben turare zuwa kamfani don matan ofis. A sati na biyar maganarsa ta fara yawa, barcinsa ya ragu, wani lokaci ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu a bayan katanga. Ta gani sarai. Kullum sai ta ce gobe za ta yi magana.

Ranar wata Talata da hantsi wayarta ta yi ƙara. Filibus ne. Ya ce Usaini ya ɗauki sifana ya farfasa allon da ake sarrafa injin da shi, yana ihu a daina kiransa. Allah Ya tsare ba wanda ya ji ciwo, sun sa shi a A Daidaita Sahu sun nufi asibiti. Sai muryar dattijon ta yi sanyi. "Maman Saudat, wannan karon ba ni da bakin magana. Har sun buga takardar sallama."

Aikin shekara tara ya tafi ke nan.

Sati uku Usaini ya yi a kwance kafin ya natsu. Ranar da za a sallame shi likita ta tara su a ofishinta, shi da Mas'uda da mahaifiyarsa, Inna, wadda ta taso daga Ringim tun ranar da abin ya faru. Usaini ya rame, yana zaune baki buɗe yana numfashi. Likita ta tambaye shi a hankali me ya sa ya daina shan magani.

"Hancina ne, likita. Ya toshe."

Ta ajiye biro. "Hanci? Haba Malam Usaini, ai da ka faɗa mana. Da mun duba mun rage maka, ko mu canza maka wani. Abu ne da muke yi kusan kullum."

Mas'uda ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ashe magana ɗaya ce, a ofishin nan da suke zuwa duk wata.

Likita ta juyo wurinta. "Malama, ke ba ki lura da komai ba a gida?"

Kafin ta motsa baki Usaini ya riga ta. "Ba ta sani ba, likita. A gabanta nake sawa a baki, in ta juya in fitar. Ɓoye mata na yi." Yana faɗa idonsa na ƙasa, ya ƙi yarda ya dubi inda take, kuma daga yadda ya yi saurin tare maganar ta gane cewa ya san ta sani.

Inna ta dafa mata gwiwa. "Ke kam 'yar nan kin yi iya ƙoƙarinki. Shi ne dai da taurin kai tun yana yaro. Allah Ya yi miki albarka."

Gaskiyar ta zo wa Mas'uda har bakin leɓe. Ta dubi likita, ta dubi hannun tsohuwar a kan gwiwarta, ta dubi mijin da ya rasa aikinsa kuma yake ɗauke mata laifinta.

"Amin, Inna," ta ce.