Sunaye Tamanin da Huɗu a Kayen Mushe Cha'ibu

Mushe Cha'ibu Gajere (mushe ake ce wa malamin boko a ƙasar nan) malamin wasannin motsa jiki ne a kwalejin Mayahi, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi malamin yoga ne. A Yamai ya koyo ta, wurin wani Ba'indiye likitan ido da ya zauna kusa da makarantarsu. Ya dawo gida da littafi guda mai hotuna, da tabarma 'yar siririya, da tabbacin cewa rabin ciwon mutanen ƙasar nan rashin iya numfashi ne.

Kullum bayan sallar asuba yakan shimfiɗa tabarmarsa ƙarƙashin gawon da ke bayan gidan samariya. Shekara guda cur yana kiran jama'a, ɗalibai uku ya samu: wani tela da ƙugu ya dame shi, wani ma'aikacin gidan waya mai tumbi, da mai gadin gidan samariya, wanda dama ƙarƙashin gawon nan yake hutawa, ya ga ba shi da dalilin tashi. Liman ya taɓa zuwa ya tsaya ya kalle su, don an kai masa ƙara cewa sabon addini ne. Da ya gama kallo sai ya ce, "Ban ga an yi wa kowa sujada ba. Miƙa ce irin ta wanda ya tashi barci, sai dai shi har Yamai ya tahi koyonta."

Daminar 1984 ba ta yi ba. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Kafin rani ya tsaga, mutanen arewa, na wajen Issawane da ƙauyukan da ke bayanta, suka fara gangarowa Mayahi da jakunan da suka rage musu, suka kafa bukkokin zana a bakin gari. Lokacin mulkin soja ne, ko mutum biyar ba su taruwa sai an san sunansu. Wani gardi, dogarin gwamnati, ya zo ya gaya wa Cha'ibu cewa duk wanda ya zauna kan tabarma a wurin nan, a rubuta shi. Cha'ibu ya sayi sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da alƙalamin bik, ya ja layi da kyau, ya rubuta mutum uku.

Ranar wata Litinin wani tsoho dogo mai sanda ya tsaya gefe, ya daɗe yana kallon kayen.

"Mushe, rubuta suna ake?"

"I, Baba."

"Kowa da kowa, ko sai ɗan gari?"

"Kowa! Kyauta ne, ba a biyan ko dala."

Tsoho ya jingine sandarsa. "To rubuta. Danda Gado, Issawane. Iyalina bakwai."

"Ba sai na sa iyali ba, Baba."

"Sa dai, ɗana. Bakwai. Har da jinjiri."

Cha'ibu ya sa, don ba ya son gardama da sabon ɗalibi. Washegari Danda ya zo da mutum goma sha ɗaya. Ran Laraba suka zama talatin. Kafin mako ya zagayo, sunaye tamanin da huɗu ne a kaye, kowanne da garinsu da yawan iyalinsa, maza a gaba, mata can baya kusa da katanga, kowa da buhu ko tsohon zane maimakon tabarma.

Bai taɓa ganin ɗalibai irinsu ba. Ba mai makara, ba mai surutu. In ya ce a tsaya da ƙafa ɗaya kamar itace, su tsaya, suna rawa kamar karan dawa amma ba mai saukewa. In ya ce a kwanta rub da ciki a ɗaga ƙirji kamar gamsheƙa, su ɗaga. Tsugunon da ya sha watanni kafin ya iya a Yamai, tsofaffin matan nan suka yi shi tun bai gama bayani ba, dugadugansu a ƙasa, har sun fi mutumin cikin littafi. Wata tsohuwa da ake kira Inna A'i ce kawai take ɗan sa baki. Da ya ce, "Ku ja iska a hankali, ku cika ciki da ita," sai ta ce daga baya, "Ai ita kaɗai ke ciki, Mushe." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, shi ma ya yi, ya ce a ransa talakawa akwai barkwanci.

Kullum in an tashi sai Danda ya matso ya ce, "Mushe, mun yi daidai?"

"Daidai ƙwarai, Baba."

"To yaushe za mu ga abin?"

"Ai ba a gaggawa. Wasu mako biyu, wasu wata guda. Amma za ku gani, na rantse."

Danda ya gyaɗa kai ya tafi yana gaya wa sauran.

Ranar da aka cika kwana tara Cha'ibu ya shigo gida yana waƙa. Ya ce wa matarsa Furera zai rubuta wa Ba'indiyen nan wasiƙa. Ya ce ma'aikata masu albashi sun raina ilimi, ga talakawa da yunwarsu sun gane amfaninsa. Furera tana tankaɗe gari ba ta ɗago ba.

"Malam, sunayen nan da kake rubutawa, ina kake kai su?"

"Ina zan kai su? Suna cikin kaye."

"Kayen kuma?"

"Ga shi nan ƙarƙashin matashi."

Ta ajiye rariya. "To can bakin rijiya cewa ake kai ne sabon mai rubuta sunan masu karɓar dawar taimako. Wai in mutum ya yi mako biyu yana tsayuwar shamuwa, sai a ba shi buhu."

Cha'ibu ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya bari.

"Tun yaushe kika ji?"

"Shekaranjiya. Na ga kana murna, shekara guda ban ga haƙoranka ba. Na ce bari ka ƙara kwana biyu." Ta ɗauki rariyarta. "Amma jiya wata ta faɗi a hanya tana komawa bukka. Kai da ka je Yamai, ka taɓa ganin mai yunwa ya tashi da asuba don ya yi miƙa?"

Ranar bai iya cin tuwo ba. Kwana tara yana sa mutanen da ba su karya ba suna ƙona ɗan ƙarfin da ya rage musu, yana kuma rantse musu cewa za su ga abin.

Da safe bai hau tabarma ba. Ya tsaya gabansu ya faɗi gaskiya tun daga Ba'indiye har gardi. Danda ne ya fara magana.

"Wato ba dawa."

"Babu, Baba. Ku gafarce ni."

"To mu ma mun yi mamaki. Amma bara wasu nasara sun zo garinmu, suka sa muka haƙa ramu cikin fako, suka ba mu mai da gari. Muka ce wannan shi ne na waɗanda ba su da ƙarfin haƙa. Aikin gwamnati ai ba a tambaya."

"Amma me ya hana ku zuwa biro? Ai ana rabo."

"Mun je sau huɗu. Sun ce rabo bisa takardar gari ake yi, kowa shi koma wurin maigarinsu. Tafiyar kwana biyu ce a ƙasa, ɗana. Maigarin namu ma ga shi can zaune, na uku a layi, shi ne wanda ke faɗuwa kullum wurin ƙafa ɗaya."

Inna A'i ta ɗago murya. "To sunayenmu hwa? Ka ba mu abinmu mu kai gaba, ko kana da sauran rawa?"

Cha'ibu ya dubi kayen da ke hannunsa. Ya naɗe tabarmarsa ya saƙala a hammata, ya nufi biron sufurefe, shugaban yankin da ake ce wa Kumandan.

Sakataren biro, Mumuni, taubashinsa ne, ɗan ƙanin uwarsa, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Yana ganinsa ya ture shayinsa gefe.

"A'a, sarkin miƙa! An ce ka tara runduna. Juyin mulki za ka yi da ƙafa ɗaya?"

"Bawana, ba wasa ya kawo ni ba." Ya buɗe masa kaye, ya yi masa bayani.

Mumuni ya yi dariya har da hawaye, ya kira mai buga tafireta ya maimaita masa, shi ma ya yi. Sannan ya share ido ya ce, "Wallahi abin tausayi. Amma wannan ba takardar gwamnati ba ce, kayen ɗan lakwal ne. Ba kashe, hatimin biro ke nan, ba sa hannu. Kumandan kuma ya tahi rangadi. Dawo jibi."

Jibi! Da jibi ana dafa ta, da ba wanda ya kwana da yunwa a ƙasar nan. Dawa tana cikin mangaza, ɗakin ajiyar da ke bayan biron nan, taku hamsin, an rufe ta da kwaɗo. Masu yunwa suna bakin gari, tafiyar da ba ta kai shan shayi ɗaya ba. Tsakaninsu ba dutse ba kogi, sai tebur guda da mutumin kirki a bayansa, mai sallah a kan lokaci, mai cewa abin tausayi, wanda bai taɓa tashi ya leƙa ba don ba a rubuto masa ya leƙa ba.

Cha'ibu bai iya faɗa ba, bai iya roƙo ba, ba shi da kowa a Maraɗi, inda manyan jiha suke. Abu ɗaya ya iya a duniya. Ya shimfiɗa tabarmarsa daidai bakin ƙofar ofishin Kumandan, ya zauna ya harɗe ƙafafu, ya miƙe baya, ya ɗora kaye a cinya, ya lumshe ido.

"Kai, tashi!" in ji Mumuni. "Nan ba gindin gawo ba ne."

Cha'ibu ya ƙara miƙe baya.

"Cha'ibu, soja ne hwa. Bilma za su jefa ka, can tsakiyar hamada, ka je ka koya wa raƙuma numfashi. Ni zan gaya wa Furera me?"

Cha'ibu ya ja iska a hankali ya sake ta. Ya san Bilma ba wasa ba ce, amma ya ƙidaya numfashinsa kamar yadda yake koyarwa. Gardi ya zo ya tsaya kansa, ya rasa yadda zai ɗaga ma'aikacin gwamnati da bai zagi kowa ba, ya koma. Masinja ya riƙa tsallake shi da takardu yana cewa gafara. Ƙudaje suka same shi. Tun ƙarfe takwas har rana ta take tsaka bai motsa ba, Mumuni kuwa ya tashi ya zauna ya fi sau ashirin.

Gab da azahar mota ta tsaya. Kumandan, wani kaftin siriri mai baƙin tabarau, ya shigo yana kaɗe hula, ya tarar da mutum a ƙofarsa.

"Wannan kuma mene ne?"

"Malamin lakwal ne, mon kafitan," in ji Mumuni. "Ba shi da lahiya sosai."

Cha'ibu ya buɗe ido ya miƙa kaye da hannu biyu. Kumandan ya buɗe, ya bi shafi ɗaya da yatsa, ya juya na biyu, ya cire tabarau.

"Suna, gari, yawan iyali. Wa ya sa ka wannan ƙidaya?"

Cha'ibu ya so ya ce kishin ƙasa ne. Sai ya ji bakinsa yana faɗin gaskiya, har da tsayuwar ƙafa ɗaya. Kumandan bai yi dariya ba, amma gashin bakinsa ya motsa. Ya juya wajen Mumuni.

"Mako uku ina tambayar yawan mutanen da ke bakin gari, Maraɗi na tambayata, kuna ce mini babu esansi, mota ba mai. Wannan da wace mota ya yi?"

Kumandan ya miƙa masa kayen.

"Buga masa kashe. A buga sunayen a tafireta yau, a ba su ran Alhamis." Ya dubi Cha'ibu. "Kai kuma, wasan nan naka na rufe shi sai ruwa ya sauka. Ba a sa mai yunwa rawa. Tun da kana son rubuta suna, akwai wasu bukkoki ta hanyar Tasawa, akwai wasu bayan kasuwar dabbobi. Kullum da safe, kafin lakwal. Da ƙafa. Tashi ka ba ni hanya."

Cha'ibu ya yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san shi ba. Sai da Mumuni da gardi suka kama shi ta hammata suka ɗaga shi a harɗe, kamar tukunya, suka ajiye gefe.

"Shekara biyu a Yamai," Mumuni ya raɗa masa. "Tashi ma sai an ɗauke ka."

Ran Alhamis aka buɗe mangaza. Ba buhu ba ne, tiya biyu ce ta jar dawa ga kowane kai, amma an kira sunaye tamanin da huɗu ba a tsallake ko ɗaya ba, an kuma auna wa Danda ta mutum bakwai har da jinjiri. Cha'ibu yana gefe da sabon kaye, ƙafafunsa sun yi furu-furu da tafiyar safe. Inna A'i ta zo wucewa da ƙullinta a ka, ta tsaya.

"Mushe, an ce an hana ka sana'a."

"Sai damina, Inna."

"To Allah shi kai mu. In mun ƙoshi ka zo Issawane ka ƙarasa muna, maigari na son shi iya ƙafa ɗayan nan." Ta gyara ƙullinta. "Amma ka zo da tabarmarka kawai. Kayen ka bar shi gida."