Suna Uku a Tikiti Ɗaya

"Mama, sunan da ke fasfo ɗinki ba shi ne a tikitin ba," in ji yarinyar ofishin tafiye-tafiye, ta juyo da fuskar kwamfutar don ta gani da idonta.

Maman Kyaftin ko kallon kwamfutar ba ta yi ba. Me za ta gani wanda ba ta sani ba? Ita da ƙafarta ta je kotu ta rantse ta sauke sunan mijinta, ta koma na mahaifinta. Ta bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya tana gogewa: banki, katin shaida, fasfo, har ofishin fansho na asibitin da ta ƙare ƙuruciyarta tana aikin jinya. A lokacin zuciya ce ke jan ta, ita kuwa idan zuciya ta ɗebe ta ba ta san rabi-da-rabi ba.

"Ai ga takardar kotu nan na kawo miki, 'yata. Ga ta saki ma."

"Na gani, Mama. Waɗannan sun nuna kin bar sunan. Kamfanin jirgin ruwan yana son wadda ta nuna yadda kika same shi tun farko, wato takardar shaidar aure. Kuma ta asali, ba kwafi ba. In babu ita, a bakin jirgi za su tsayar da ke, ko kuka kika yi ba sa ji." Yarinyar ta ɗan sassauta murya. "Amma akwai hanya mai sauƙi. In soke wannan, in fitar miki da sabon tikiti da sunanki na yanzu, shi ke nan kin huta."

"Sunan wanda ya saya fa? Zai fito a sabon?"

"A'a. Naki ne zai fito, tunda ke kika zo."

Maman Kyaftin ta miƙa hannu ta janye tikitin daga kan tebur, kamar wadda aka ce za a ƙwace mata. A can ƙasan takardar, cikin ƙananan haruffa, sunan ɗanta ne: shi ya biya, shi ya zaɓi ɗaki mai taga, shi ya buga sunayen iyayensa da yatsunsa.

Ɗa ɗaya tilo Allah ya ba ta. Tun yana ɗan mitsitsi ba a ajiye silifa kusa da shi. Sai ya kwashe na gidan kaf ya zuba a bahon wanki, ya tsuguna yana hura su da baki yana ba da oda. Daga nan ubansa ya laƙaba masa Kyaftin, sunan ya bi shi har ya yi gemu, ya bi ta ita ma. Bai taɓa hawa ko kwalekwale ba, a kamfanin waya ya yi aiki, amma ya sha faɗa mata: "Umma, sai na sa ki a jirgin ruwa, irin mai benaye, ki zauna a kawo miki shayi kina kallon teku." Ya kuwa cika alkawari tun tafiyar na da nisa, ya kawo tikitin yana ta washe baki. Bayan wata biyu zazzaɓi ya kwantar da shi. Ita da ta tashi 'ya'yan mutane ba iyaka daga gadon asibiti, nata ya tafi tana riƙe da hannunsa.

"Ba za a taɓa wannan tikitin ba," ta ce.

"To sai takardar auren, Mama, kuma kafin jibi, don ranar jirgin zai tashi." Yarinyar ta sake leƙa kwamfuta. "Mutum na biyun fa? In cire shi?"

Maman Kyaftin ta buɗe baki za ta ce a cire, sai ta fasa.

"Bar shi tukuna."

Ta san inda takardar take, wannan shi ne abin haushin. A motar haya ta samu wuri kusa da taga, wata mata mai kwandon kaji ta matse ta, ba ta ko ji ba. Tun ranar da ta fita daga gidan mutumin nan ba ta sake sa shi a ido ba, ta kuma yi rantsuwa ba za ta sa ba. Ga shi yau takarda guda za ta kai ta ƙofarsa da tsakar rana.

Abin da ya raba su ba ɓoyayye ba ne. Ba a daɗe da rasuwar ba, ƙanwarta ta ɗauke ta ta kwana biyu a wurinta ko ta samu barci. Da ta dawo ta tura ƙofar ɗakin Kyaftin, sai ta tarar da shi wayam. Babu riguna, babu takalma, babu bargon da take zuwa ta cusa fuskarta a ciki. Uban ya kwashe komai ya bayar sadaka, har ya share ɗakin ya wanke. Ta faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa mutum, ta ce dama bai taɓa son yaron ba. Ya tsaya yana kallonta bai ce uffan ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ƙona mata rai. Ta ce ya ba ta takardarta. Ya yi ta ba ta haƙuri, dangi suka sa baki, ta kafe. Ƙarshe ya zauna ya rubuta, kuma saboda hali ba ya barin mai shi, sai da ya cire kwafi kafin ya miƙa mata.

Shagonsa na nan inda yake, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, da allon da ya koɗe: ana fotokwafi, ana sa wa takardu leda. Ta tsaya a bakin ƙofa. Warin tawada da na leda mai zafi ya buge ta, warin da ta shekara da shekaru tana wankewa daga rigunansa. Yana sunkuye kan inji, wani tsoho na tsaye a kansa yana mita wai kwafin ya fito da duhu.

"Baba, hoton naka ne da duhu, injina ba ya ƙara wa mutum kyau," ya ce, ya ɗago kai, sai ya gan ta.

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma an ga alama shi yake yi wa kansa guga. Ta ji wani abu ya soke ta, ta yi maza ta haɗe rai.

"Maman Kyaftin," ya ce.

Duk ofisoshin da ta zaga, babu wanda ya iya goge wannan sunan.

Ya sallami tsohon, ya jawo kujerar roba ya goge da hannun riga. Suka gaisa irin gaisuwar mutanen da suka haɗu a layin banki. Ya tambayi ƙanwarta, ta tambayi ciwon ƙafarsa, kowa ya ce da sauƙi.

"Takardar aure na zo karɓa," ta ce, idonta na kan kalandar bango. "Aro. Mutanen jirgi ne suka ce sai da ita."

"Jibi ne ko?"

Ashe yana lissafe.

Ta ɗauka zai ce sai ya je gida ya duba. Sai kawai ya jawo durowar da ke ƙarƙashin injin, ya ɗaga wani fayil, ya zaro ta. Ta yi ja saboda tsufa, ta lanƙwashe a gefe, ga sa hannunta na yarinta da ƙatuwar wutsiya. A gidansu har kwafin katin rigakafin Kyaftin sai da ya sha leda, amma ban da wannan. Kullum cewa yake asali ba a sa masa leda, in ka rufe shi ka kashe shi.

"Bari in cire miki kwafi mai kyau."

"Asali suke so."

Hannunsa ya tsaya a kan murfin injin. Ya daɗe yana kallon takardar.

"To ni in riƙe kwafin," ya ce a hankali.

Ya kwantar da ita a kan gilashi, ya daidaita gefe da gefe da ɗan yatsa, ya rufe. Hasken ya bi ta ƙarƙashi ya dawo. Ya sa asalin a ambulan ya miƙo mata da hannu biyu, kamar yadda yake yi wa kowane mai ciniki. Ta buɗe jaka za ta saka, tikitin ya leƙo.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne."

"In gani?"

Ta so ta hana, ta rasa dalili. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama, bakinsa na motsi. Sunansa, tsohon sunanta a ƙarƙashi, lambar ɗaki. Da ya kai ƙasa sai bakin ya daina motsi. Ya ɗora babban yatsa a kan sunan yaron, ya bar shi a nan.

"Don Allah ki bar ni in cire kwafin wannan ma," ya ce. "Ba ni da komai nasa."

"Wa ya sa ka rasa?" Maganar ta fita kafin ta kama ta.

"Ni ne." Bai ɗago ba. "Kullum in na tashi sai in tarar ba kya ɗaki, kina can kin rungume bargonsa, ba ci ba sha. Na ga kina neman bin sa kabari ina kallo. Na ce in na kwashe kayan ko za ki dawo. Ko hula ban ɓoye wa kaina ba, don kada ki gani ki tuna." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ban iya magana ba, kin sani. Da na iya, da na tambaye ki."

Ta zauna a kujerar da ta ƙi zama tun shigowarta. Shekara guda da wani abu tana ɗauke da fushin nan, tana ba shi ci tana ba shi sha, shi ne abin da ke tashinta da safe. Yanzu ta laluba ta ji babu shi, sai baƙin ciki tsagwaronsa, irin na ranar farko. Ta yi kuka, ba mai sauti ba, shi kuma ya juya baya yana ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Wata mata ta leƙo da fayil a hannu, ta ga yanayin, ta ce za ta dawo.

Injin ya sake haskawa. Kwafin ya fito, ya ɗaga shi ya duba ko ƙananan haruffan sun fito sosai. Sun fito.

Maman Kyaftin ta share fuska da bakin mayafi. Abin da za ta faɗa ya fi zuwa kotu wuya, ya fi tahowa shagon nan wuya, amma ta daure.

"Ban sa an cire sunanka ba. Yarinyar ta tambaya, na ce a bari." Ta nuna tikitin da yatsa. "Mu biyu ya saya wa. Maganar ɗaki, sai a roƙe su su nema maka wani. Kai ai sunanka bai canza ba, fasfo kawai za ka nuna."

Ya tsaya da kwafin a hannu. Fuskarsa ta yi wani haske na ɗan lokaci, irin wanda ta manta yana da shi, sannan ya dushe. Ya sake jawo durowar, ya ɗauko fasfo ɗinsa, ya buɗe shafin hoto ya ajiye a gabanta. Ta yi aikin duba ranar da magani ke lalacewa tsawon rayuwarta, idonta bai ɓata lokaci ba. Wa'adinsa ya ƙare tun watannin baya.

"Kai? Kai da kake tuna wa mutanen unguwa ranar sabunta takardunsu?"

"Na sani sarai. Har fom na karɓo." Ya rufe fasfon. "Sai na ji an ce kin canza suna har a banki. Na ce wadda ta yi wannan wahalar don kada ta ga sunana, ina za ta so ganin fuskata a jirgi? Na ce gara in bar miki tafiyar ki yi ta cikin kwanciyar hankali."

"Ba a yi na gaggawa?"

"Kafin jibi? Ko ɗan sarki ne ni."

A waje mai gyaran agogo na rigima da wani a kan batir. Ta duba takardun da ke cinyarta: ta kotu, ta saki, ta aure, duk sun cika, babu mai tsayar da ita a bakin jirgi. Ba ta taɓa jin takarda ta yi mata nauyi haka ba.

Ta miƙe. Ya kunna injin leda, ya zura kwafin tikitin a cikin ledar, ya tsaya jiran ya yi zafi.

"Ki zauna wajen tagar," ya ce. "Kyaftin ya ce mini saboda ke ya ƙara kuɗi aka ba shi mai taga. Ki sa a kawo miki shayin."

"To."

Ta kai bakin ƙofa ya sake magana, bai juyo ba.

"Maman Kyaftin. In kin dawo, a kawo mini takardata. Ita ke nan gare ni."

Ba ta ce za ta aiko ba, ba ta ce za ta kawo ba. Ta tsaya har ledar ta fito ta ɗaya gefen, sunayen nan uku a jere a ciki, ya karɓe ta da tafin hannu duk da zafinta. Sannan ta gangara titi, ta tsaya a inda motoci ke tsayawa. Wayarta ta yi ƙara, yarinyar ofis ce.

"Mama, an samu takardar?"

"An samu."

"Madalla! To mutum na biyun fa? Yau zan rufe."

Maman Kyaftin ta waiwaya ta kalli ƙofar shagon.

"Ba zai samu zuwa ba," ta ce. "Amma ki bar sunan a inda yaron ya sa shi."